A-kori-kurar Kawu da Wutar da Take Ɓacewa a Hanya

Duk wanda ya san kudancin Jihar Kaduna ya san cewa daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hanyoyinmu na citta ne. A wannan lokaci ne ake tone ta, a tsattsaga, a shanya a kan duwatsu iskar hunturu ta busar da ita, sa'annan a ɗura a buhuna a nufi kasuwannin Kwoi da Kubacha da Kachia da Kafanchan, inda manyan motoci suke jira su kwashe zuwa Kano da Legas. To amma babbar mota ba ta shiga gona, ba ta kuma hawa hanyar ƙauye mai kwazazzabo. Abin da ke ɗauko buhu daga bakin gona ya kai shi bakin kwalta ita ce a-kori-kura. A da can Peugeot 504 ce ta riƙe wannan aiki, musamman bayan da aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a shekarar 1975. Daga baya Toyota Hilux ta shigo, kuma masu amfani da man gas, wato dizal, a cikinsu suka yi suna wajen jure wa kaya da mummunar hanya.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da irin wannan mota. Hilux ce mai injin gas mai lita 2.4, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Abin da nake son in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan fitowa shi ne labarin yadda motar ta daina cajin batir, da yadda aka bi sawun matsalar har aka kama ta. Dalilina biyu ne. Na farko, da yawa daga cikinmu 'ya'yan direbobi ne ko 'ya'yan manoma, kuma kuɗin makarantarmu daga bayan irin waɗannan motoci yake fitowa. Na biyu, kwana biyun da na yi a gareji sun nuna mini wata Hausa wadda ba mu cika zama mu nazarce ta ba.

Motar da ke biyan kuɗin makaranta

Ni Bajju ne, harshen Jju na fara ji a gida. Hausa kuwa a titi da kasuwa da filin ƙwallo na tsince ta, kamar yadda kusan kowane yaron Kafanchan yake tsintar ta. Tun a shekarun 1920 da layin dogo ya mayar da garin mahaɗar jiragen da ke tasowa daga Fatakwal zuwa Kaduna da Jos, mutane daga ko'ina suka zo suka zauna, Hausa ta zama abin da kowa yake ciniki da shi. Bayan rasuwar mahaifina Kawu ne ya ɗauki nauyin karatuna, kuma ba shi da wata sana'a sai gonarsa da wannan mota.

A daminar 2023 wata cutar ruɓewa ta faɗa wa citta a ƙananan hukumomin Jaba da Kachia da Kagarko da Jama'a da maƙwabtansu. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa, manoma da yawa ba su mayar da ko irin da suka shuka ba. A wannan shekara ce kuma darajar naira ta faɗi, kayan gyaran mota da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Kawu ya rasa amfanin gonarsa, ya kuma rasa kayan ɗauka, domin wanda bai girbe ba me zai ba ka ka kai masa kasuwa? Ya koma jigilar masara da doya da itace. Saboda haka a kakar 2024, da waɗanda suka samu iri suka ɗan girbe, kowace tafiya tana da muhimmanci gare shi, kuma a daidai wannan lokaci ne motar ta soma ba shi wahala.

Yadda abin ya faro

A watan Oktoba na 2024, yana kan hanya, jar fitilar nan mai hoton batir ta kama a gabansa ta ƙi mutuwa. Ya tsaya a wani gareji a garin da ya fi kusa, aka ce masa altaneto ne ya mutu, aka sa masa na gwanjo. Fitilar ta mutu, ya biya, ya jefa tsohon a bayan kujera ya kama hanya. Bayan kamar mako uku sai motar ta fara nauyin tashi da asuba. Aka ce batir ne, tun da ya shekara uku. Ya sayar da shi ga masu sayen matattun batura, ya cika kuɗi ya sayi sabo, kuɗin da ya kusa kai na rajistata ta shekara. Sabon ma bai cika wata guda ba ya soma yin sanyi. Mai shagon ya ce shi kayansa lafiya lau ya sayar. Kawu ya koma ajiye mota a kan gangara kowane dare, da safe yaran unguwa su tura.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti ya ɗauko citta daga wani ƙauye a ƙasar Jaba da daddare. Tun a hanya ya lura fitilun gaba suna yin ja kamar aci-balbal. A kan wani hawa motar ta mutu masa da kaya, ya murɗa makulli, ba abin da ya ji sai ƙas-ƙas. Ba a tura mota mai kaya a kan hawa, kuma ba wanda zai tsaya wa baƙo a daji da tsakar dare. Shi da yaron motarsa suka kwana a wurin, idonsu biyu, da dukiyar mutane a bayansu. Mai karatu da ya san halin tsaron hanyoyinmu a 'yan shekarun nan ba ya bukatar in faɗa masa irin daren da iyalinsa suka yi. Da gari ya waye aka jawo motar, mai kayan kuma ya ce daga ranar ya samu wani direban.

A nan ne Kawu ya fara zancen sayar da motar. Ni kuwa na san abin da sayar da ita yake nufi ga karatuna.

Abin da ya kamata a sani kafin a taɓa sifana

Kafin in ci gaba, bari in yi wa mai karatu bayanin yadda wutar mota take, kamar yadda aka yi mini. Batir randa ce, ajiya kawai yake yi. Irin wanda ke cikin motocinmu, mai darma da ruwan asid, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859. Yana da ɗaki shida, kowane ɗaki yana ba da wajen bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir yake nuna bolt 12.6 a mita. Altaneto kuwa shi ne famfon da ke cika randar. Inji ne yake juya shi ta hanyar fanbel, kuma muddin inji yana aiki, shi ne yake ciyar da fitilu da sauran kayan wuta, ya kuma mayar wa batir abin da kik ya ɗiba wajen tayar da mota. Domin wuta ta shiga batir dole ne altaneto ya turo ta da ƙarfin da ya fi na batir, wato tsakanin bolt 13.8 zuwa 14.5. A cikinsa akwai katawut mai hana wutar wuce wannan iyaka, da dayod masu mayar da ita irin wadda batir zai iya karɓa, da burushi biyu na gawayi masu cinyewa a hankali.

Injin gas ya sha bamban da na fetur ta hanyoyi uku da suka shafi wannan magana. Na ɗaya, ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da man zai kama da kansa, kuma matsin ya ninka na injin fetur fiye da sau biyu, don haka kik ɗinsa yana zuƙar wuta mai yawa. Ga kuma hita da ake kunnawa kafin a tayar da shi, musamman da sanyin asubar hunturu irin na gindin tsaunin Kagoro. Na biyu, tsohon injin gas idan ya riga ya tashi wutar da yake bukata 'yar kaɗan ce, don haka yana iya yin tafiya mai nisa batir yana ƙarewa direba bai sani ba. Na uku, a irin motar Kawu akwai famfon iska a manne a bayan altaneto, wanda yake sa birki ya yi taushi, kuma baƙin mai ne yake shiga ya jiƙa shi. Idan fanbel ya tsinke, caji ya tsaya, birki kuma ya yi tauri.

Kwana biyu a wurin mai riwaya

A farkon Janairun 2025, ina gida hutu, wani abokin Kawu ya haɗa shi da wani dattijo mai gyaran wutar mota a Kafanchan. A garinmu masu wannan sana'a ana ce musu masu riwaya. Kalmar daga Turanci ta zo, amma ta faɗo daidai kan riwaya ta Larabci da muke karantawa a darasin adabi, wato ruwaito labari. Abin mamaki kuma, da labari dattijon ya fara. Bai buɗe bonet ba sai da ya zaunar da Kawu a kan benci.

"Maigida, yaushe ta fara? Me aka taɓa kafin ta fara? Da rana kake tafiya ko da dare? Jar fitilar tana kamawa idan ka murɗa makulli? Tana mutuwa idan inji ya tashi?"

Kawu ya ce, "Baba, fitila kam lafiyarta ƙalau. Tun da aka sa wancan altaneton ba ta ƙara kamawa a hanya ba."

Ya juya ga yaron mota ya tambaye shi abin da ya gani ran da aka yi wancan gyara. Yaron ya ce ya tuna an yi tartsatsi mai ƙarfi lokacin da ake ɗaure waya, mota ta ɗauke wuta gaba ɗaya, sai mai gyaran ya yi wani ɗan aiki a kusa da batir wuta ta dawo. Baba bai ce komai ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, kana da biro? Zo ka riƙa rubuta abin da mita ta ce."

Ya fara da batir. Mita ta nuna 11.9, wato ya kusa ƙarewa. Ya ce ba a yi wa mayunwaci gwajin ƙarfi, don haka ya duba ruwansa, ya ƙara wa ɗaki biyu tataccen ruwa, ya ɗora shi a caji ya ce mu dawo gobe. Washegari, bayan ya cire shi ya bar shi ya huce, mita ta nuna 12.6. Ya mayar da shi mota, Kawu ya ba ta kik, ta tashi nan take, kuma a lokacin da kik yake juyawa wutar ba ta sauka ƙasa da 10.4 ba. Ya ce da ta faɗi ƙasa da 9.6 da sai a zargi batir. "Wannan ba shi da laifi," in ji shi. "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Sai kan batir. Akwai farin gari da kore a jikinsu, kuma an cusa ƙusa a ɗaya don ya matse. Ya wanke su da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, wadda take kashe kaifin asid, ya kankare, ya sa sabon maɗauri. Ya nuna mini cewa kullum wayar da ke haɗe da bodi ake fara cirewa, ita ake kuma mayarwa daga ƙarshe, domin idan sifana ta taɓa ƙarfen mota kada a yi tartsatsi. Ya kuma kori wani mai shan taba daga wurin, saboda batir da ya sha caji yana fitar da iska mai kama wuta.

Daga nan ya gwada ko akwai abin da ke satar wuta da dare. Ya kashe komai, ya cire wayar bodi, ya sa ɗan ƙwan fitila tsakaninta da kan batir. Da akwai ɓarawo, ko rediyo ko dayod da ya lalace, da ƙwan ya kama. Bai kama ba. Ya danna fanbel da babban yatsa, ya ce kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya, namu kuma daidai yake, bai yi sulɓi ba, ba ya kuka.

A nan Kawu ya ce, "Baba, me zai hana a cire kan batir tana aiki, mu ga ko za ta mutu? Haka aka yi a wancan wurin."

Dattijon ya girgiza kai. Ya ce wannan gwaji na zamanin dinamo ne, kafin altaneto ya mamaye motoci a shekarun 1960. Batir shi ne yake shanye hauhawar wuta, idan aka cire shi inji yana aiki wutar tana iya yin tsalle ta ƙone dayod da katawut. Bayan haka, ko motar ba ta mutu ba, abin da aka gano kawai shi ne akwai 'yar wuta, ba a san ko ta isa ba.

Inda gizo yake saƙa

Ya sa aka tayar da mota aka ɗan taka totur. Ya ɗora mita a kan batir, na rubuta 13.3. Ya ce a kunna manyan fitilu da fanka da abin share gilashi, sai lambar ta gangaro 12.3, ƙasa da abin da batir yake da shi kafin a tayar da inji. Ma'ana, da dare batir ba ya karɓa, bayarwa yake yi. Kawu ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan, altaneton ma na banza aka sa mini."

Baba ya ce, "Yi haƙuri tukuna, ba mu tambaye shi ba." Ya kai mita bakin altaneton kansa, a kan notin da babbar waya take fita. Mita ta ce 14.2. Ya sake gwadawa, 14.2. Ya ce in rubuta lambobin biyu kusa da juna, in cire ƙarama daga babba. Bolt 1.9 ke nan suke barin altaneto ba su isa batir ba. Famfo yana turowa, randa ba ta cika, to sai a duba bututu.

Wuta hanya biyu take bi, ta zuwa da ta dawowa. Ya sa bakin mita ɗaya a jikin altaneto, ɗayan a kan batir na ɓangaren bodi, aka samu 0.1, wato hanyar dawowa lafiya take. Ya sa ɗaya a notin altaneto, ɗaya a kan batir na ɓangaren wuta, aka samu 1.8, alhali bai kamata ya wuce rabin bolt ba. Ya riƙa bin babbar wayar da hannu yana shafawa, har ya zo daf da batir ya janye yatsunsa da sauri. Wani ƙulli ne da aka naɗe da baƙin tef, yana da zafi kamar an ɗauko shi daga murhu.

Da ya kashe mota ya warware tef ɗin, sai ga abin da ke ciki. A wannan wuri kamfani ya sa wata gajeriyar waya ta musamman wadda take aikin babban fis, tana narkewa idan wuta ta haɗu don kada mota ta ƙone. Ita ce ta narke ran da aka yi tartsatsi, domin an ɗaura altaneto ba a cire kan batir ba. A madadinta aka murɗa siririyar wayar rediyo da hannu, ba dalma, ba maɗauri. Tururin asid ya mayar da ita kore, silinta sun tsittsinke saura uku ko huɗu. Baba ya ƙiyasta cewa da fitilu da fanka a kunne wajen amfa 25 suke neman wucewa ta nan, kuma idan aka ninka da 1.8 za a samu wat 45, kusan zafin ƙwan babbar fitila, a cikin tef, kusa da batir. Ya ce wa Kawu, "Ka gode wa Allah da ta tsaya a rashin tashi."

Sai komai ya fito fili. Jar fitila ba ta kama ba saboda aikinta shi ne ta faɗi ko altaneto yana ba da wuta, kuma yana bayarwa. Katawut bai ƙara ƙarfi ba saboda irin wanda aka sa a bakin altaneto yake auna wuta, ba shi da wayar da za ta kai masa labarin batir. Da rana, da yake kayan wuta a kashe suke, ɗan caji yana ratsawa. Amma aikin kaka na asuba ne da dare, ga hita, ga kik, ga fitilu, ga gajerun tafiye-tafiye daga gona zuwa gona. Abin da ke fita ya fi abin da ke shiga, kullum batir yana cin bashi.

Ya yanke ƙullin, ya sa sabuwar wayar fis mai kaurin da ya dace, ya matse bakinta ya yi mata dalma. Aka sake tayar da mota. Na rubuta 14.1, da aka kunna komai kuma 13.9. Kuɗin kayan da aka saya bai kai na kwanon masara uku ba.

Kafin mu tafi ya ce a ɗauko masa tsohon altaneton da ke bayan kujera. Da ya buɗe sai ga baƙin mai ya cika cikinsa. Robar da ke tsare mai tsakanin famfon iska da altaneto ce ta tsufa, mai ya ratso ya jiƙa burushi, su kuma dama sun cinye. Kwayil da dayod lafiya lau. Ya sa sabon burushi da sabuwar roba, ya gwada, ya miƙa wa Kawu ya ce ya ajiye saboda wata rana. Wato tun farko abin da motar take bukata ke nan. Tsohon batir ɗin ma, in ji shi, wa ya sani ko da sauransa.

Hausar gareji

Da na dawo makaranta na sake duba takardar lambobin, sai na ga aikin dattijon ya yi kama da abin da ake koya mana a tsarin sauti. Idan muna son mu tabbatar cewa /k/ da /ƙ/ ƙwayoyin sauti ne mabambanta, sai mu kawo kafa da ƙafa, mu bar komai yadda yake mu sauya abu ɗaya tak. Haka ya yi: mita ɗaya, inji a gudu ɗaya, fitilu a kunne, wurin da ya ɗora mita kaɗai ya sauya. Waɗanda suka riga shi kaya suka yi ta sauyawa ba su auna komai ba.

Abin da ya fi jan hankalina kuma shi ne harshen wurin. A rumfar nan kaɗai na ji Hausa da Jju da Turancin buroka, kuma Inyamurin da muka sayi wayar fis a shagonsa da Hausa ya yi ciniki da Kawu. Yaran gareji suna cewa "mota ya tashi", kamar yadda aka saba ji a Hausar yankinmu inda ba a cika bambanta jinsi ba, shi kuwa dattijon, wanda ya koyi aiki a Panteka ta Kaduna, "ta tashi" yake cewa, kuma ba wanda ya kasa fahimtar wani.

Kalmomin aro na wurin sun bi ƙa'idojin da muke haddacewa don jarrabawa. Inda Turanci ya jera baƙaƙe biyu, Hausa ta cusa wasali a tsakani, aka samu burushi da fulogi da sukudireba. Inda yake da sautin da Hausa ba ta da shi, ta musanya da mafi kusa, aka samu famfo da filaya da bolt. Wasu kuwa ba a aro su ba, ƙirar gida ce: kan batir, ruwan batir, baƙin mai, karen mota, da ita kanta a-kori-kura. Aikatau ɗin ma abin dubawa ne, domin duk na mai rai ne. Mota tana ƙin tashi, batir yana jin yunwa ya yi sanyi ya mutu, fanbel yana kuka, waya tana cin wuta, dayod yana sata. Da waɗannan kalmomi dattijon da bai yi sakandare ba ya fahimtar da ni abin da ke faruwa a cikin waya, kuma na gane.

Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, tun kafin altaneto ya shiga motocin yau da kullum, don haka ba wanda zai nemi kalmar a cikinsa. Amma yau, bayan fiye da shekara 90, su wa za su rubuta waɗannan kalmomi in ba mu ba? Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe suna neman batun kundin digiri, da yawa kuma suna komawa kan abin da aka riga aka yi sau goma, alhali ga Panteka a Kaduna, ga Ƙofar Ruwa a Kano, ga garejin kowane gari. Ana iya kwatanta yadda bakaniken Zariya da na Kafanchan da na Maraɗi suke kiran abu ɗaya, tun da na Maraɗi daga Faransanci yake aro.

Daga ƙarshe, ga 'yan'uwana da ke da direba a gida, ku isar masa da wannan: idan batir ya fara sanyi, kada a sayi komai sai an auna. A cika batir a gwada shi, a wanke kansa, a duba fanbel, sa'annan a auna wuta a wuri biyu, a bakin altaneto da kan batir, fitilu suna kunne. Ƙaramar mita ba ta kai kuɗin batir ko kusa ba. Kawu ya fasa sayar da motarsa, ya ƙarasa kakar 2024 da batir ɗin nan da aka ce ya mutu, ni kuma na yi rajista a kan lokaci. Kalmomin gareji da na tattara sun haura 80, suna nan a littafina da ma'anarsu da wurin da na ji su. Duk wanda yake da sha'awar mu ci gaba da aikin tare, ko yake da na garinsu, ya neme ni a sashe.